Dambun Baba da Hanyar Shanu

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, a jikin ƙyauren madafi. Ban san lokacin da na ce, "Na'am Baba, ya kusa nuna," ba. Sai da maganar ta fita na tuna shekaranjiya aka kai Baba makwancinsa, sandar da yake ƙwanƙwasa min ƙofa da ita kuma tana jingine a ɗakinsa.

Na waiga, ashe Inna mai nono ce, matar Arɗon rugar da ke bayan babban kanal na ruwan noman rani. Ta yi ta sallama hayaniyar mata ta hana a ji ta, shi ne ta ƙwanƙwasa da ludayinta.

"Yau ni ce Baban naki?" in ji ta.

Muka fashe da dariya, dariyar ta zarce kuka, muka zauna a ƙasa muka yi mai isarmu. Ta tura min ƙwaryar kindirmo ta ce sadakar Soja ce, haka suke kiran Baba, a dama wa masu zaman makoki. A ranar na ƙudurta sai na rubuta abin da na sani game da mahaifin mijina, tun kafin 'ya'yana su girma su ɗauka shi ma wani tsoho ne da ya yi zamaninsa ya wuce.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. A cikin gida mata na kuka, can sai wata ta tuno wata maganarsa a kwashe da dariya. Maigidana ya ce a waje ma haka ne, har sai da liman ya yi gyaran murya. Manoman ƙarshen kanal sun zo a akori-kura guda. Mai gyaran injin ban-ruwa na bakin kasuwar Kura, ɗan ƙabilar Ibo, ya rufe shagonsa ya zo ya zauna a zaure yana sheshsheƙa, 'ya'yan mamaci ne suka koma ba shi haƙuri. Arɗo kuwa ya zo ya tuɓe takalmi ya zauna a bakin tabarma. Tun safe har la'asar abin da ya faɗa bai wuce "Soja ya tafi" ba.

Da Inna za ta tafi na raka ta soro na ce, "Ya shanu?"

Ta ce, "Suna zagayawa ta titi." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

A gefen gonar Baba akwai wata siririyar hanya da ya yanka daga ƙasarsa, aka shinge ta da ƙaya, shanun ruga ke bi su sha ruwa a kanal. Akwai ice da ake gittawa a bakinta, kuma kullum la'asar Baba ne yake zuwa ya ɗage shi. Tunda ya kwanta ciwo ba wanda ya ɗage. Arɗo ya ji kunyar roƙo a gidan da ake jinya, sai yaransa suka koma bin titi, ta tsakanin gonakin mutane da manyan motoci, inda saniya ɗaya in ta karkace za a iya jin kuka a gari biyu. Kuma kowa ya san in aka zo rabon gado wannan gonar ta Auta ce, ƙanin mijina, wanda duk garin nan ba wanda ya kai shi ƙin jinin hanyar nan.

Baba tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin basasa yana saurayi. Da aka kawo ni gidan nan na zaci zan tarar da mai tsawa. Sai na tarar da wani siririn tsoho mai naɗe tabarmarsa kamar an goge ta da dutsen guga, mai wanke takalmin robarsa kullum, mai cin ɗanyen tumatir da gishiri da ƙuli. Malama yake kirana, wai don na gama sakandare. In na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Tashi Malama, gwiwar nan tana da sauran aiki." Da surukata ta rasu, Allah Ya jiƙanta, girkinsa ya dawo hannuna, daga nan na san shi sosai.

Ba ya ba da labarin yaƙi. Jikinsa ne yake bayarwa. Wata rana tayar adaidaita sahu ta fashe a ƙofar gida, kafin mu ankara Baba yana kwance rub da ciki a tsakar gida, kaji na watsewa. Ya ɗago kai ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To, duk an kashe ku. Ni kaɗai na tsira." Jikoki suka yi ta birgima. Ni ma na yi dariya, amma da na kai masa ruwa na ga shi ba dariya yake yi ba.

Abin da yake yawan faɗa shi ne, a rediyo aka ce yaƙi ya ƙare, amma ba wanda ya bi mutane gida-gida ya gaya wa zuciyarsu. Ya ce sun dawo samari ne tuli, ba sana'a, ba barci, wasu da bindiga a ƙasan gado. Shi Allah Ya taimake shi ya dawo daidai lokacin da ake haƙa kanal a ƙasar nan. "Ruwan nan ne ya cire min kaki," in ji shi. "Da ban sami fangalin da zan ba ruwa ba, da ban san me hannun nan zai riƙe ba." Shi ya sa in ya ga saurayi zaune a bakin titi da hantsi, ido jajir, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya san ɗan gidan wa ne, ya nema masa inda ake dashe ko cirar albasa.

Mai gyaran injin nan kuwa, ubansa a ɗaya ɓangaren ya yi yaƙi. In Baba ya kai injinsa gyara sai ya ce, "Ɗana, ni da ubanka mun yi shekaru muna auna juna. Ka gode wa Allah dukkanmu ba mu iya saiti ba." Shi kuma ya ce, "Baba, har yanzu ba ka iya ba, dubi inda ka ɗaura belin injin nan." Duk girbi sai Baba ya aika masa da shinkafa. Da aka yi wata hatsaniya a birni mutanensu suka tsorata suna haɗa kaya, Baba ya ɗauki tabarmarsa ya tafi ya shimfiɗa a ƙofar shagon, ya wuni a can yana jan carbi, wai iskar wajen ta fi ta gida daɗi.

Akwai maganar da ba a yi a gabansa a wuce lafiya. In ka ce, "Fulani sun yi kaza," ko "mutanen ƙarshen kanal sun yi kaza," sai ya karkato da kunne ya ce, "Wanne? Ɗan wa? Dogon ko mai ɗingishi?" In ka kasa faɗa ya ce, "To ka je ka gano shi tukuna. Ni da aka ce min 'su' na tafi, mutane na tarar."

Shekarun baya aka fara satar injinan ban-ruwa a gonaki, ga labaran masu satar mutane na zuwa daga nesa ta waya, kowa na tura wa kowa. Samarin gari suka kafa ƙungiyar sintiri, Auta ne shugaba. Suka zo zaure suka ce Baba ya zama kwamandansu ya koya musu aikin soja. Na zaci zai kore su. Sai ya ce, "Madalla. Gobe da safe kowa ya zo da shebur da lauje."

"Shebur kuma, Baba?"

"Soja shebur yake fara riƙewa. Wanda bai iya haƙa ba, a rana ta farko ake binne shi."

Ya jera su sahu ya tasa su gaba har ƙaramin kanal da ciyawar kacala da laka suka toshe. Sati da sati suna yasa, yana kan gaɓa yana ba da umarni da sanda. Suna dawowa kamar an tono su, Auta yana wucewa ta ƙofar madafina ina ce masa, "Sannu da yaƙi, Janar! An ci garin kwaɗi?" Shi kuma ya ce, "Matar Yaya, ki kiyaye ni." Amma ruwa ya isa ƙarshen kanal a shekarar, rigimar da ake yi duk rani tsakanin masu kan ruwa da masu ƙarshensa ta mutu ba wanda ya yi mata jana'iza.

Sai ranar dambu.

Rani ne, tumatirin Auta ya nuna jajir, saura a kawo kwanduna. Da sassafe ya je ya tarar shanu sun shiga sun tattake fiye da rabi. Ba zan rage masa ba, asara ce mai ciwo, guminsa ne na wata da watanni. Kafin hantsi ya ɗaga an tura wata murya a waya cewa akwai baƙi da makamai a ruga. Ba wanda ya san mai maganar. Samari suka cika ƙofar gidanmu da adduna da gora, wani har da bindigar farautar kakansa. Madafina bango ɗaya ya raba shi da zaure, komai a kunnena.

Auta ya ce, "Baba, yau ranar da ka horar da mu dominta ta zo."

Baba ya ce, "Ta zo. Za mu je. Amma ban taɓa fita da runduna da yunwa ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Ku shigo. Ba a cin abinci da makami, kowa ya ajiye nasa a lungun can."

Na ji ƙarar ƙarfe na zuba. Daga baya na ji cewa buzunsa Baba ya shimfiɗa a gaban tarin ya zauna. Sai ga ƙwanƙwasarsa a ƙyaurena.

"Malama, dambu za ki yi wa sojojina."

Na ce, "Baba, akwai shinkafa, yanzu-yanzu za ta nuna."

"Dambu na ce. Kina da tsaki?"

"Akwai ɓarzajje."

"Wancan ya kwana biyu. A kai masara inji a ɓarzo sabo. Zogalen ma a bishiya za a tsinko, a gyara shi ganye-ganye." Ya rage murya. "Allah Ya ba ki hannu mai sauri, 'yata. Yau ki ajiye shi."

Ta ƙofar baya ya tura maigidana a babur. Ni kuwa na yi girkin da ban taɓa yin irinsa ba. Na wanke tsaki na sake wankewa. Na hura wuta da ice biyu kamar mai jin tausayinsu. Na ɗora madambaci, na sauke, na yayyafa ruwa, na mayar. Ina yi ina karanta duk addu'ar da na haddace. Auta ya leƙo ya ce, "Matar Yaya, dambun nan daga Makka za a kawo shi?" Na ce, "Janar, in kana sauri zo ka kama min firfita."

A wannan jiran ne Baba ya buɗe bakin da ya rufe tun kafin a haife su. Na ji shi ta bango, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce an taɓa gaya musu wani ƙauye cike yake da maƙiya, suka yi masa ruwan wuta tun daga nesa. Da suka shiga suka tarar da tukunya a kan murhu tana tafasa, da takalmin yaro ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Ya ce har yau bai san wanda ya kawo labarin ba. Ya ba su labarin amininsa da suka dawo tare, wanda ya kasa rabuwa da bindigarsa, ya fara da tsaron unguwa, ya ƙare yana tare hanya. "Ranar farko kowa don kare gida yake fita," in ji shi. "Ba a gaya maka akwai rana ta biyu. Ni na ga ta biyu, na ga ta ɗari."

An kira azahar, suka yi salla a nan ƙofar gida. Ana sallamewa na fitar da dambu a manyan farantai, ya sha mai da albasa da gyaɗa. Daidai nan babur ɗin maigidana ya tsaya, Arɗo ya sauko, shi kaɗai, ko sandar kiwo bai riƙo ba. Baba ya tare shi ya kama hannunsa ya zaunar da shi a gaban farantin Auta.

Auta ya janye hannu. Baba ya ce, "Bismilla, Arɗo." Arɗo ya ce ba zai fara ba sai mai faranti ya sa hannu. Aka zauna ana kallon dambu yana hucewa, ga samari tun safe ba su karya ba. Wani daga baya ya ce, "Shugaba, don Allah ka ci mu ci." Aka yi 'yar dariya. Baba ya ce, "Ashe zan rayu in ga ranar da baƙo zai zauna a zaurena ɗana ya hana shi abinci?"

Auta ya sa hannu. A garin nan kuwa wanda kuka haɗa hannu a faranti ɗaya, ba ka tashi ka ɗaga masa adda. Kowa ya san haka, Auta ma ya sani, shi ya sa hawaye ke zubo masa yana tauna.

Arɗo bai yi musu ba. Ya ce shanunsa ne, ɗansa ne ke kora su. Ya ce tsohon burtalin da suke bi an shuke shi da albasa hagu da dama har ya rufe, shanu sun kwana da ƙishirwa, suka ji ƙanshin ruwa suka ɓalle. Baƙin da ake faɗa kuwa surukansa ne da suka zo suna, makaminsu buta da tabarma, duk mai so ya zo ya gani. Aka yanke cewa bayan girbi shanunsa za su kwana a gonar Auta har ta ƙoshi da taki, ya kuma ba shi ɗan maraƙi. Sai Baba ya ce wannan maganin jiya ne, saura na gobe. Washegari ya tasa rundunarsa da shebur, ya yanki gefen gonarsa, wajen da ya fi ko'ina kyau don yana bakin ruwa, aka yi hanyar shanu.

Auta bai yafe wannan ba. "An cinye min tumatir, an kuma ba su gona lada!" Ya yi wata da watanni gaisuwa kawai ke haɗa shi da Baba. Baba kuwa ko a jikinsa, sai ma ya riƙa aika masa da ƙuli. Liman ya ba Baba shawara ya tara shaidu ya mayar da hanyar waƙafi don kada a taɓa ta bayan ransa. Ya ƙi. Ya ce, "Malam, na ga zaman lafiyar da ake tsarewa da umarni. Mai umarnin na juya baya take watsewa. In yaran nan ba su bar ta don kansu ba, gara su shuke ta."

Haka ya bar mu da ita, ba wasiyya, ba shaida. Ya cika ranar Juma'a da hantsi, da kalmar shahada a bakinsa, bayan ya yi wa maigidana faɗan bai naɗe bargo daidai ba.

Bayan addu'ar bakwai aka raba gado, gonar ta faɗa hannun Auta kamar yadda aka zata. Ni mace ce a gidan miji, ba ni da baki a maganar gona. Da ya shigo gaishe ni dai na ce, "Janar, ya hanyar shanu?" Ya kawar da kai ya ce, "Albasa za ta yi kyau a wajen." Na kasa gane wasa yake ko gaske. A satin nan aka ce wata saniya ta karkace a titi ta shiga shinkafar wani, an yi cacar baki har an zare sanda. Na rasa abin yi sai addu'a. Na roƙi Allah Ya yi wa Baba rahama gwargwadon jinin da ya hana zuba, Ya yafe masa wanda aka sa shi ya zubar yana yaro, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da dabbobin da ba su iya roƙo ba. Na kuma roƙa kada abin da ya gina ya bi shi kabari.

Jiya da la'asar ina tsakar gida ina turara shinkafa, Auta ya aiko a ba shi ƙaramar 'yata ta raka shi gona, ita ce mai riƙe wa kakanta buta in za shi bakin kanal. Ban kawo komai a raina ba. Rana ta yi sanyi sai ga ta a guje, ɗankwali a hannu, ƙafa duk laka, tana haki.

"Umma! Umma! Baffa ya ɗage wa shanu icen, duk sun wuce sun sha ruwa, har da 'yan ƙananan! Kuma ya zauna a wajen zaman Kaka ya yi ta kuka. Ya ce kada in gaya wa kowa. Ke kaɗai na gaya wa, sai Inna mai nono, sai mai shago."